Tsakanin Lissafi da Nishaɗi: Amsoshin Tambayoyinku Kan Fokar Bidiyo

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan makon, dukkansu kan fokar bidiyo. Ga wanda bai san wasan ba: na'ura ce ke raba maka kati biyar, ka riƙe waɗanda kake so, ta sauya maka sauran sau ɗaya tak, sannan ta biya bisa jadawalin da ke rubuce a allonta. Wasan ya bazu ne daga Amurka bayan 1979, lokacin da kamfanin SIRCOMA na Si Redd, wanda daga baya ya sauya suna zuwa IGT, ya fito da na'urar Draw Poker.

Tambaya: Malam, na haddace jadawalin dabarun Jacks or Better (nau'in fokar bidiyo da ke fara biya daga tagwayen J zuwa sama) kaf, amma tun daga nan wasan ya zame mini aiki. Abokina kuwa duk abin da zuciyarsa ta raya masa shi yake dannawa, kuma ya fi ni dariya. In watsar da lissafin ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka watsar, rage masa kaya za ka yi. Ka ɗauki nauyin da bai kai wahalarsa ba.

Daga kati 52 ana iya raba hannu iri 2,598,960, kuma kowane hannu yana da hanyoyi 32 na riƙewa da zubarwa. Wanda bai taɓa kuskure ko ɗaya ba a kan na'ura mai cikakken biya, wato wadda jadawalin biyanta ya fi kyau cikin waɗanda aka saba gani, kashi 99.54 cikin ɗari na kuɗinsa ke dawo masa idan aka yi dogon zango. Michael Shackleford, masanin lissafin caca, ya wallafa wata taƙaitacciyar dabara da ba ta wuce shafi ɗaya ba, ita kuma tana ba da kashi 99.46. Ka ga ke nan duk ƙananan ƙa'idojin da suke hana ka sakewa, senti 8 suke ceto maka a kowace dala 100. Ka yafe su.

Manyan kurakuran ba su da yawa, kuma su ne abokinka ke biya yana dariya. Na farko, riƙe babban kati a gefen tagwaye, wato kati biyu masu lamba ɗaya. Mutum ya samu 7 guda biyu da A, sai ya ji ba zai iya rabuwa da A ɗin ba. In ya zubar da kati uku, damarsa ta haɗa huɗu iri ɗaya kusan ɗaya ce cikin 360. In ya riƙe A, ta koma ɗaya cikin 1,081. Na biyu, zubar da ƙananan tagwaye don a riƙe K ko Q shi kaɗai, alhali tagwayen sun fi shi daraja nesa ba kusa ba.

Na ukun shi ne wanda na fi so ka tsaya a kai, domin a nan ne za ka gane cewa lissafi ba abokin gabar nishaɗi ba ne. A ce ka zuba kwandala biyar, aka raba maka 10, J, Q, K da 3, duk masu alamar zuciya. Tunda duka biyar alamarsu ɗaya, ka riga ka ci, kwandala 30 na jiran ka. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin danna duka biyar ɗin. Lissafi kuwa cewa yake ka jefar da 3. Kati 47 suka rage a ɓoye. Ɗaya daga ciki, A mai zuciya, zai cika maka jerin sarauta, wanda na'urar ke rubutawa Royal Flush, kwandala 4,000. Wani, 9 mai zuciya, zai ba ka 250. Wasu 21 za su ba ka ɗan abin da ya sawwaƙa. Sauran 24 za su bar ka hannu rabbana. In aka tara aka raba, zubar da 3 ɗin nan ya kai darajar kwandala kusan 98, riƙe shi kuma 30. Yanzu gaya mini, tsakanin wanda ya karɓi 30 ya wuce da wanda ya jefar da 3 ya zura wa allo ido ƙirjinsa na bugawa, wa ya fi jin daɗin wasan? Sau da yawa wanda bai san lissafi ba shi ne matsoracin, domin bai san lokacin da ya kamata a yi kasada ba.

Inda zan ba ka damar bin zuciyarka shi ne sauri. Mai hanzari yana buga hannu kamar 600 a awa. A na'urar senti 25, kwandala biyar dala 1.25 ce, wato dala 750 ke wucewa ta hannunsa kowace awa, kuma abin da lissafi ya ce zai rasa a ciki bai kai dala 3.50 ba. Ka rage saurin zuwa rabi, ka yi hira da abokin naka, asarar ma ta ragu zuwa rabi. Babu wata dabara a jadawalinka da za ta yi maka wannan ragin. In kuma wata rana ka ga damar zubar da manyan tagwaye don ka bi kati uku na jerin sarauta, ɗan ƙaramin farashi ne, ka yi abinka matuƙar ka san saya ka yi.

Tambaya: Na ga na'urori biyu jere, sunansu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Akwai kuma wata Double Double Bonus da ta fi burge ni. Wacce zan zauna a kai?

Amsa: Kada ka dubi sunan, ka dubi layi biyu a jadawalin biya: cikakken gida, wato Full House (kati uku iri ɗaya da tagwaye), da kuma biyar masu alama ɗaya, wato Flush. A Jacks or Better, in na farko yana biyan 9 na biyu 6 kan kowace kwandala, ita ce mai cikakken biya, mai kashi 99.54. In 8 da 5 ne, ta sauko zuwa 97.30. In 6 da 5 ne, kashi 95 cif. A misalin dala 750 ɗin can, wanda ya zauna a kan mai 8 da 5 yana asarar sama da dala 20 a awa ko da bai yi kuskure ba, kusan ninki shida na maƙwabcinsa. Daɗin wasan kuwa ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba. Wannan zaɓin na daƙiƙa goma ya fi duk haddar mai tambayar farko tasiri.

Haka batun yawan kwandala. Jerin sarauta yana biyan 250 kan kowace kwandala in ka zuba ɗaya zuwa huɗu, amma 800 kan kowace in ka cika biyar. Wanda bai cika ba, kashi 98.37 ke dawo masa. In biyar ta yi maka nauyi, ka nemi na'ura mai ƙaramin kuɗi.

Ita Double Double Bonus, na san abin da ke jan ka: A guda huɗu tare da 2, 3 ko 4 suna biyan kwandala 2,000 in ka zuba biyar. Sai dai daga aljihunka aka ciro kuɗin. Tagwaye biyu, da suke ninka maka kuɗi a Jacks or Better, a nan uwar kuɗinka kawai suke dawo maka, kuma hannu ne da ke zuwa a kai a kai. Mafi kyawun nau'inta da aka saba gani yana ba da kashi 98.98, hawa da saukarta kuma sun fi tsanani ƙwarai. In bugun zuciya kake nema, can yake. In so kake ɗan abin da ka ware ya kai ka dare, zauna a Jacks or Better.

Tambaya: Ana tallata wani littafi a intanet, wai yana koyar da yadda ake gane na'urar da ta kusa biya. In saya?

Amsa: A'a. Babu na'urar da ta "kusa biya". A jihar Nebada ta Amurka doka ta tilasta wa irin waɗannan na'urori su raba kati tamkar daga cikakkiyar karta da aka gauraya, kuma kowane hannu sabo ne, bai san abin da ya gabace shi ba. Abin da ke da amfani shi ne manhajar koyo, wadda ke tsayar da kai in ka yi kuskure ta nuna maka nawa kuskuren ya ci. Akwai su kyauta, ana buga su ba tare da zuba ko sisi ba, kuma a ganina mafi yawan daɗin wasan, wato daɗin yanke shawara daidai, yana nan a cikinsu.

Tambaya: Malam, yayana ya ce wannan ba caca ba ce, sana'a ce, wai akwai na'urar da ke biyan sama da kashi ɗari. Ya fara cin bashi. Gaskiya yake faɗa?

Amsa: 'Yar'uwa, wasiƙarki ta fi sauran tsaya mini a rai. Akwai ɗan gaskiya a maganarsa, shi ya sa take da haɗari. Nau'in Deuces Wild mai cikakken biya yana ba da kashi 100.76, Double Bonus mai 10 da 7 kuma 100.17. Amma irin waɗannan na'urori sun yi ƙaranci sosai, waɗanda suka rage galibi na ƙananan kuɗi ne, kuma alƙaluman na wanda ba ya kuskure ne ko sau ɗaya. Ko ya samu Deuces Wild ɗin, ribar da lissafi ya yi masa alkawari a kan dala 750 ba ta kai dala 6 a awa ba.

Sannan akwai abin da masu irin wannan magana ba sa faɗa. A Jacks or Better, fiye da rabin hannaye faɗuwa ake yi. Kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke dawowa yana ɗaure ne a jerin sarauta, wanda ke zuwa kamar sau ɗaya cikin hannu 40,000, wato sama da awa 65 na bugu ba tsayawa. Kuma wannan matsakaici ne kawai: cikin mutum uku da suka buga hannu 40,000 ɗin, fiye da ɗaya ba zai gan shi ba sam. Kafin ya zo, aljihu zuba yake yi a hankali. Wanda ke wasa da kuɗin bashi ba shi da ƙarfin jiran wannan ranar, kuma mai bashin ba zai jira ta ba.

Don haka amsar ita ce, caca ce. Ƙwarewa tana rage asara, ba ta sauya wa abin suna, kuma duk wanda addininsa ko dokar ƙasarsa ta hana caca, hanin ya haɗa da wannan. Cin bashi, ɓoye asara, da komawa don a dawo da abin da ya tafi, alamomi ne na larurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtuka. Akwai ƙungiyar Gamblers Anonymous, da aka kafa a Los Anjalas a 1957, mai rassa a ƙasashe da dama, akwai kuma likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba irin wannan.

Kada ki yi masa gardamar lissafi, zai fi ki baki. Ki roƙe shi cikin girmamawa ya rubuta abin da ya zuba da abin da ya ɗauka tun daga ranar farko, ku duba tare. Kada ki ba shi rance, kada ki biya masa bashi a ɓoye, kuma ki sanar da wani babba da yake jin nauyinsa tun kafin bashin ya ƙaru.