Tambaya da Amsa: Tsohuwar Gadarmu, a Gyara Ta Ko a Rushe a Sake Wata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban wata unguwa a cikin garin Gombe. Muna da gada a kan kogin da ya raba mu da ɓangaren kasuwa, kogin da kan cika da damina ya ƙafe da rani, kuma tun muna yara muka taso muka same ta. Yanzu kwaltar da ke kanta ta farfashe, ƙarafunan gefe sun karye, kuma idan tirela ta hau sai a ji tana girgiza. Dattawanmu suna ganin a roƙi gwamnati ta gyara ta, matasa kuma sun dage sai an rushe ta an gina sabuwa mai faɗi. An ɗora mini rubuta takardar koke. Wanne ya kamata mu nema?
Daga wani mai karatu, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri da kuka tashi tsaye tun gadar na tsaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai shawarata ita ce, kada takardarku ta farko ta nemi gyara ko sabon gini. Ta nemi a turo injiniyoyi masu rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, su binciki gadar daga sama har gindinta, su kuma ba ku sakamakon a rubuce. Dalilina shi ne, duk abubuwa ukun da ka lissafa a saman gada suke, alhali abin da ke yanke hukunci tsakanin gyara da rushewa yana can ƙasa, inda mai wucewa a mota ba ya gani.

Kwalta da ƙarafunan gefe tufafi ne, ana sauya su cikin 'yan makonni. Girgizar ma ba lallai ta zama alamar mutuwa ba, saboda akan gina gada ne ta yadda za ta ɗan motsa. Daben da motoci ke bi yana zaune ne a kan wasu matasai na roba ko na ƙarfe da ke bisa ginshiƙai, kuma akwai mahaɗai da aka bar wa sarari domin kankare yana miƙewa da zafin bazara ya takure da sanyin hunturu. Idan waɗannan matasai da mahaɗai suka ci, girgiza takan ƙaru, amma ana iya ɗaga daben da jak a sauya su. Irin aikin da aka yi ke nan a babbar gadar Legas mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, lokacin da aka rufe ɓangarenta daga watan Yulin 2020 har tsawon kusan wata bakwai, kuma ba a rushe ko ginshiƙi ɗaya ba.

Abin da nake so ka yi, tun kafin injiniyoyi su zo, shi ne ka ɗauki dattijo ɗaya da matashi ɗaya ku sauka ƙarƙashin gadar da rani, lokacin da kogin ya zama rairayi. Ku fara duba gindin kowane ginshiƙi. Ruwan malka idan ya taho da ƙarfi ya daki ginshiƙi, yakan yi juyi a gindinsa yana kwashe yashi kaɗan kaɗan, har ya haƙa rami ya bar harsashin a fili. Wannan zaizaya ta gindi ita ce kan gaba wajen kayar da gadojin kogi a duniya, kuma muguntarta ita ce, idan ruwa ya janye yakan mayar da sako-sakon yashi ya rufe ramin, sai a ga kamar lafiya lau. Na taɓa tsayawa a ƙarƙashin wata gada a wannan yanki namu, na ga faffaɗan kankaren da ginshiƙi ke zaune a kai, wanda ya kamata a ce yana binne, ya fito sarari har yaro na iya zura hannu a ƙarƙashinsa, ga kuma sawun tayar tifa sabo fil bai fi taku ashirin daga wurin ba. A sama kuwa an shafe gefen gadar da sabon fenti fari da baƙi. Masu ɗibar yashi a kusa da gada suna yi mata ɓarnar da ta fi ta tireloli, domin duk ramin da suka bari, kogi zai cike shi ne da yashin da ya kwaso daga gindin ginshiƙi.

Bayan nan ku ɗaga kai ku dubi cikin daben da manyan gimshiƙan kwance da ke riƙe da shi. Idan kun ga jan zane kamar an zubar da ruwan goro yana gangarowa, rodin da ke ciki ne ya fara tsatsa. Ƙarfe idan ya yi tsatsa yakan kumbura, sai ya tsaga kankaren da ya lulluɓe shi ya ɓamɓare shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Ka ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma. Lafiyayyen kankare yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya rabu da rodi kuwa sai ka ji shi kamar fasasshiyar ƙwarya. Ku ɗauki hoton duk abin da kuka gani, ku haɗa da takardarku.

Idan bincike ya nuna harsashi lafiya yake, ginshiƙai ba su karkata ba, to gaskiya tana wajen dattawa. Za a kankare ruɓaɓɓen kankare a wanke rodi a sake lulluɓe shi, a yi wa ginshiƙai sabuwar riga ta kankare, a jibge manyan duwatsu ko ragar waya cike da duwatsu a gindinsu, a buɗe magudanan ruwan da suka toshe. Wannan ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ana yin sa ana bin hannu ɗaya na gadar. Amma idan ginshiƙi ya nutse ko ya karkata, ko kuma ruwa ya riga ya saba hawa kan gadar, to matasa ne da gaskiya, kuma duk kuɗin da aka zuba a gyara asara ce. Wannan batu na ƙarshe ya shafi Gombe musamman. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, gonaki da filayen da ke shanye ruwan sama sun koma gidaje da kwano da kwalta, ruwan da ke gangarowa kwari ya ƙaru, don haka gadar da aka auna bakinta da ruwan wancan zamani tana iya yi wa ruwan yau kaɗan ko da kankarenta bai tsage ba. Haka ma nauyi, domin ba a gina yawancin tsofaffin gadojin cikin gari da lissafin tirelolin siminti irin masu tasowa daga Ashaka ba.

Akwai hanya ta uku da ban ji kun ambata ba, kuma sau da yawa ita ce mafi dacewa, wato a gina sabuwa a gefen tsohuwar, a bar tsohuwar ga masu ƙafa da babura da Keke Napep bayan an gyara ta. A kan Kogin Neja an yi kwatankwacin haka, inda gadar Anaca ta 1965 ta ci gaba da aiki, aka gina ta biyu a kudu da ita aka ƙaddamar a 2023. Sai dai sabuwar gada a gefe tana cin fili, kuma a nan ne maganar diyyar gidaje da shaguna ke shigowa, wadda ya kamata a zauna da mai unguwa da hakimi a kanta tun kafin a kafa turken awo.

Kafin ku aika takardar, ku tabbatar da mai gadar. Gadojin da ke kan manyan hanyoyin tarayya, irin su ta Dindima a kan Kogin Gongola a hanyar Bauchi zuwa Gombe, suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya, na cikin unguwanni kuwa galibi na jiha ne ko na ƙaramar hukuma. Ku nemi abu biyu da za a iya yi nan take ba tare da jiran kasafin kuɗi ba, wato a hana manyan motoci hawa har sai an gama bincike, a kuma hana ɗibar yashi a kusa da ita.

TAMBAYA: Ni 'yar kasuwa ce a Bauchi, kullum sai na ƙetare gada da kayan gwari. Idan aka ce za a rushe gada a sake, mu ta ina za mu bi?
Daga wata mai karatu, Bauchi.

AMSA: Hajiya, tambayarki tana cikin abin da ya wajaba a rubuta a takardar kwangila, kuma haƙƙinku ne ku tambaya tun kafin katafila ta iso. A ƙa'ida ba a taɓa tsohuwar gada sai an tanadi hanyar wucin gadi, ko dai ratse mai jerin kwalbatoci a cikin kogin, ko gadar ƙarfe ta haɗawa irin wadda sojoji ke kafawa cikin kwanaki. Ratsen ƙasa yana aiki da rani ne kawai, ruwan farko mai ƙarfi zai iya tafiya da shi, shi ya sa ake so a fara aikin harsashi da zarar damina ta ɗauke a watan Oktoba, a fito da ginshiƙai sama kafin ruwa ya dawo. Mutanen Taraba sun ga wahalar rashin madadi bayan ambaliya ta karya gadar Namnai a hanyar Jalingo zuwa Wukari a daminar 2024, inda matafiya da kayansu suka koma fito a jiragen ruwa. Ku haɗu da shugabannin kasuwarku da ƙungiyar direbobi ku nemi a gaya muku watan da za a fara, inda ratsen zai bi, nauyin motar da zai iya ɗauka, da kuma wanda zai gyara shi idan ruwa ya cinye shi a tsakiyar aiki.