Harin Schweinfurt: jirage 60 a yini guda saboda boris

Tambaya: Malam, ni makanike ne. Na ji an ce a Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta rasa jirage 60 a yini guda wajen kai hari kan masana'antun boris a Jamus. Wai boris ɗin nan da muke sa wa mota? Wane hali kuma mutanen cikin jiragen suka shiga?

Amsa: Shi ɗin dai, malam. Ka fi ni sanin cewa inji ba ya juyawa sai da boris, na tankar yaƙi ne ko na jirgin sama. Kaso mai tsoka na boris ɗin Jamus a garin Schweinfurt ake ƙera shi, sai manyan sojan saman Amurka suka yi lissafin cewa in aka rusa masana'antun, kayan yaƙin Hitler za su tsaya cik.

Sau biyu suka je a 1943. Ranar 17 ga Agusta jirage 376 suka tashi daga Ingila, aka raba su tsakanin Schweinfurt da Regensburg, garin da ake ƙera jiragen yaƙin Jamus, 60 ba su dawo ba. Ranar 14 ga Oktoba aka sake tura 291, aka sake rasa 60. Kowane B-17, wato babban jirgin jefa bama-bamai da aka tura, mutum goma yake ɗauka, ka ga kusan mutum 600 ke nan a fita ɗaya: wasu sun mutu, wasu sun diro da lema aka kama su.

Inda aka tafka kuskure, a ganina, shi ne yarda da cewa jiragen za su iya kare kansu da rana tsaka in suka jeru kusa da juna. Ƙananan jiragen rakiya ba su da man zuwa nesa, wajen iyakar Jamus suke juyawa. Suna juyawa Jamusawa su auka wa manyan jiragen.

Cikin jirgin kuwa azaba ce. A can sama sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Mutum ya cire safar hannu ya taɓa bindiga, fatarsa ta manne da ƙarfen. Numfashi sai da robar iska a fuska, ita ma ƙanƙara takan toshe ta, mutum ya sume ba wanda ya sani. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne maharbin da ke cikin ƙwallon gilashi a ƙarƙashin jirgin, a dunƙule, gwiwa kusa da kunne, sau da yawa lemarsa na sama don wurin ba ya ɗaukarta. Yawancin mutanen jiragen samari ne 'yan shekara ashirin da ɗoriya, an ce sai sun cika fita 25 kafin su koma gida.

Boris kuma bai yanke wa Jamus ba. Suna da ajiya, suka sayo daga Suwidin, suka rarraba masana'antun. Amurka ta dakatar da shiga can ciki har sai da ta samu jirgin rakiya P-51 Mustang mai dogon zango, ta dawo Schweinfurt a Fabrairun 1944.