Jan hatimi a rubutun Admiral Togo: in cika kuɗin?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Na ba da kafin alƙalami a kan wata naɗaɗɗiyar takarda da dillali ya ce rubutun hannun Admiral Togo ne, kwamandan rundunar ruwan Japan, na lokacin yaƙin Rasha da Japan. Tana da jan hatimi da akwatin katako, har da takardar shaida. Abokina ya ce jabu ce. In cika kuɗin?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ƙara ko sisi tukuna.

Abubuwa ukun nan da suka kwantar maka da hankali, su ne ke cinye kuɗin mutane kullum. Wallahi na gaji da jin "ai da hatimi". Wanda ya iya kwaikwayon hannun mutum, sassaƙa hatimi ne zai gagare shi? Hoton na ainihi kawai zai samu, ya zauna ya sassaƙa irinsa. Akwati kuwa ba a manne yake da takarda ba: ana sayen tsohon akwati a zura masa sabon kaya. Takardar ma ana jiƙa ta da ruwan shayi, a turara ta da hayaƙi, ta yi ja kamar ta shekara ɗari. Ita kuma takardar shaidar, wa ya sa mata hannu? In dillalin ne da kansa, mai kaya ne ke yabon kayansa. Abin yana ci mini rai, domin masu son tarihin da gaske ake cuta.

Ga wani abu kuma. An yi yaƙin Tsushima, babban karon jiragen ruwa a yaƙin Rasha da Japan, ran 27 da 28 ga Mayun 1905, Togo kuwa bai rasu ba sai 1934. Ko da rubutun nasa ne, wannan bai nuna a lokacin yaƙi ya yi shi ba. Sannan an buga kwafin rubutunsa da na'ura da yawa, musamman umarnin da ya ba rundunarsa daga jirgin yaƙinsa mai suna Mikasa.

Ka sa dillalin ya ɗauko hoton harafi ɗaya kusa-kusa. Tawadar burushi tana nitsewa cikin zaren takarda, ta yi kauri inda hannu ya danna, ta bar farin tsaga-tsaga inda burushin ya fara bushewa. Ta ɗab'i a shimfiɗe take, kuma sau da yawa madubin ƙara girma zai nuna maka ƙananan ɗigo-ɗigo. Ka tambaye shi hannun wa da wa takardar ta bi kafin ta zo gare shi. In ya hau kame-kame, ka nemi kafin alƙalaminka tun yau.