Ba feshi ne matsalarka ba, Alhaji

Wani ɗan kasuwar gwari daga Sabon Gari ya turo min tambaya, wai ya ba ƙanensa dubu ɗari takwas ya noma masa tumatir a bakin kogin Galma a Zariya, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, fure sai zubewa yake, an yi feshi sau biyar ba canji, yanzu yaro na neman ƙarin dubu ɗari biyu na magani. Ya ranto ya ba shi?

Alhaji kar ka ranto ko sisi. Tunda aka dasa tumatir ɗin nan sau nawa ka taka gonar da ƙafarka? Na san amsar. Kana zaune a rumfa kana tura kuɗi ta waya, kana lissafin kwando nawa za ka loda zuwa Legas, kuskurenka kenan.

Da ka je ka ɗaga ganye ɗaya da ka ga farin ƙuda ya tashi kamar an kaɗa gari. Shi ke ɗauko cutar bairos in ya tsotsi ruwan shuka mai ciwo ya kai wa lafiyayya, kuma ba ruwansa da dangi, kuɓewa da auduga gida ɗaya ne, tumatir da barkono da taba wani gidan, wake daban, rogo daban, amma duk yana yawo a kansu har da ciyayin bakin gona, wasu cututtukan ma su kan tsallaka tare da shi. Feshi ƙudan yake kashewa, shukar da ta riga ta kamu ba ta warkewa ko za ka juye mata jarka guda. Alamar ma sai bayan sati 2 zuwa 3 da kamuwa take fitowa, wato mai yiwuwa tun a wajen renon iri aka yi ɓarnar.

Ni ma na taɓa cin wannan dukan, yaron da na ɗora ya yi reno jikin tsohuwar kuɓewar da ba a tuge ba don ruwa ya fi kusa, ragar rufe irin da ba ta kai kuɗin buhun taki ba ita na yi wa rowa. Ko kuɗin fetur ɗin injin ban ruwa ban mayar ba.

Gobe da sassafe ka je, ka sa a tuge waɗanda suka tsumbure a binne, ka ɗebi ganye a leda ka kai wa malaman gona a Samaru su duba. Sannan ka zaunar da ƙanen naka ya nuna maka kwalaben maganin nan biyar da rasit ɗinsu.