Tambaya da Amsa: Daga ina amsa-kuwwar waƙoƙin Elvis na farko ta fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sauraron waƙoƙin rock and roll na shekarun 1950, musamman na Elvis Presley na farko-farko. Sai in ji muryarsa tana dawowa sau ɗaya nan take, kamar wani na bin bayansa. Ɗakin ne ke jawo haka ko na'ura? Zan iya samun irin sautin a kwamfuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗakin ba ne, aikin tef ne. Situdiyon Sam Phillips, mai kamfanin faifai na Sun da ke Memphis a Amurka, ƙaramin ɗaki ne da ba zai iya ba da irin wannan amsa-kuwwar ba. A nan Elvis ya ɗauki faifansa na farko da aka fitar kasuwa a Yulin 1954, shi da Scotty Moore mai jita da Bill Black mai babbar bes ta tsaye, wato kayan kiɗa mai tsirkiya da ke ba da sauti mai kauri. Babu mai ganga ko ɗaya. Mutum uku kacal, amma sautin ya cika kunne.

Phillips yana da na'urorin tef guda biyu ƙirar Ampex 350. A kowace na'ura akwai kan da ke naɗar sauti, sai wani kan a gaba kaɗan da ke karanta abin da aka naɗa. Tef yana cin ɗan lokaci kafin ya isa daga wannan zuwa wancan. Sai Phillips ya tura sautin cikin na'ura ta biyu, ya kamo shi daga kan karantawa, ya haɗa shi da na asali, su shiga na'ura ta farko tare. Lissafin mai sauƙi ne: a raba tazarar kawunan da gudun tef. Idan tazarar inci 2 ce, tef kuma na gudun inci 15 a daƙiƙa, jinkirin zai kai milisakan 133, wato wajen kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. In aka rage gudun zuwa inci 7.5, jinkirin ya ninka. Saurari "Blue Moon of Kentucky" da kyau, za ka ji shi ƙarara. Ƙas-ƙas ɗin da ke kama da ganga kuwa, Bill Black ne ke fizgar tsirkiya tana dukan jikin bes, amsa-kuwwar ta ƙara masa kauri.

Da kamfanin RCA ya sayi kwantiragin Elvis kan dala 35,000 a Nuwamban 1955, injiniyoyinsa sun so su kwaikwayi sautin a Nashville. Suka sa lasifika a wani dogon lungu na ginin, makirufo a ɗaya ƙarshen. Abin da ya fito a "Heartbreak Hotel" amo ne mai yaɗuwa kamar na babban zaure. Yana da daɗinsa, amma a ganina bai kai na Sun kaifi ba.

A kwamfuta, ɗora na'urar jinkirta sauti a kan murya ko jita, ka sa ta tsakanin milisakan 80 zuwa 140. Maimaici ya zama ɗaya tak. Nan mutane suka fi yin kuskure, domin da zarar ya dawo sau uku ko huɗu kalmomi sun cakuɗe. Ka rage ƙarfinsa ƙasa da na asali sosai, ka datse masa siririn sautin sama, don tef yakan ɗan dusashe abin da ya maimaita. Ƙasa da milisakan 40 kunne ba ya raba su, murya kawai za ta yi kauri. In ya haura 200, sai ya riƙa karo da kiɗan. Kada ka raba su hagu da dama, faifan wancan zamanin layi ɗaya ne. Kuma ka rage yawan kayan kiɗa, in ba haka ba maimaicin ba zai sami gurbin da za a ji shi ba.