Ba sai ya sa hannu ba, amma sai kin nuna takardar ta isa gare shi

Wa alaikis salam 'yar'uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, domin kusan labarina kika bayar. Kin ce kina zaune a Ingila, kun daɗe da raba gida da maigidanki, kina so ki nemi rabuwa ta intanet, shi kuma ya rantse ba zai sa hannu a komai ba, kina tambaya ko ƙin nasa zai tsayar da maganar. Ba zai tsayar ba. Na bi wannan hanyar a 2023, kuma nawa mijin ma haka ya yi.

Tun ranar 6 ga Afrilu, 2022 dokar ta canza a Ingila da Wales. Yanzu ba sai kin ɗora masa laifi ba, ba sai ya amince ba. Faɗar da kika yi cewa auren ya lalace ba gyara, ita kaɗai ta ishi kotu. Ƙalubalantar da ta rage masa kaɗan ce: ya ce kotun ba ta da hurumi, ko auren bai inganta ba tun asali, ko an riga an raba shi. "Ban yarda ba" ba ta cikin lissafi. Ki shiga shafin gwamnati na gov.uk ki cike a matsayin mai nema ke kaɗai. Lokacina fam 593 na biya, an ɗan ƙara daga baya, kuma akwai rangwame ga mai ƙaramin ƙarfi. Sharaɗi dai auren ya haura shekara ɗaya, kuma ya zama wanda doka ta sani. Idan a gida aka ɗaura shi bisa ƙa'idar can, suna karɓa, sai takardar shaidar aure, da fassararta in ba da Turanci take ba. Idan kuwa a nan aka ɗaura a masallaci ko a falo ba tare da rajista ba, ki fara tuntuɓar lauya, don sau da yawa kotu ba ta ɗaukarsa aure.

Inda mai taurin kai yake wahalar da mutum shi ne wajen isar da takarda. Kotu za ta aika masa ta imel da wasiƙa, a ba shi kwana 14 ya amsa cewa ya gani. Nawa shiru ya yi. Na yi wata guda ina buɗe shafin safe da yamma, ba motsi, har barci ya ƙaurace mini. Ashe akwai mafita tun tuni, ban sani ba ne. Kina iya biyan masu aikin kai sammaci su same shi su miƙa masa hannu da hannu, su rubuto shaida. Kada ki kai masa da kanki, kotu ba ta lissafa wannan. Ni ban ma kai ga haka ba, domin cikin fushi ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa ya ga takardar kotuna, kuma in jira har tashin duniya. Wannan saƙon na ɗauki hotonsa, na haɗa da fom ɗin D11, wanda ake cikewa don miƙa roƙo ga kotu, na roƙi alƙali ya ɗauka cewa takarda ta isa. Ya amince. Don haka, don Allah, kada ki goge duk abin da ya turo miki, ko da zagi ne mai ciwo. Idan kuma ba ki san inda yake ba, ana iya neman izinin aika masa ta wata hanya, ko a yafe isarwar gaba ɗaya, amma sai kin nuna kin yi cigiya sosai.

Daga ranar da kotu ta karɓi ƙarar ake ƙirga mako 20 kafin ki nemi hukuncin farko, inda kotu ke cewa ba abin da zai hana rabuwar, sannan mako shida da kwana ɗaya kafin na ƙarshe, wanda shi ke raba auren. Nawa ya kai wata goma sha ɗaya saboda wancan shirun.

Ga abin da ya fi damuna a kanki: wannan hukuncin aure kawai yake rabawa. Gida, fansho, bashi, kuɗin ajiya, duk suna nan a rataye sai an yi musu nasu umarnin daban. Ni ɗokin in huta ya kusa sa in nemi hukuncin ƙarshe nan take, lauya ta taka mini burki, ta ce haƙƙina a fanshonsa yana iya salwanta, kuma wadda ta sake aure kafin ta shigar da maganar dukiya tana iya rasa damar nema. A nan kam kada ki ji ƙyashin kuɗin lauya, ko na awa ɗaya ne. Yawanci za a ce ki fara ganin mai sulhu, amma in akwai duka ko barazana ana ɗauke miki wannan. Idan kuma bizarki a kan tasa take, ki nemi shawarar masanin shige da fice kafin ki taɓa komai.

Sai igiyar Musulunci. Tunda ni na nema shi kuma bai furta saki ba, ban samu natsuwa da takardar kotu kaɗai ba. Na kai maganar gaban wata majalisar malamai da ke duba sha'anin aure a nan, na nemi khul'i. Sun rubuta masa fiye da sau ɗaya, ya ƙi zuwa, daga ƙarshe suka raba auren, na mayar da sadaki, na yi idda. Kwafin hukuncin kotu da na kai musu ya sauƙaƙa aikin ƙwarai, saboda haka ki adana kowace takarda a wuri guda. Ki kuma sanar da waliyyinki a gida tun yanzu, kada ya ji a bakin dangin miji. Allah ya kawo miki sauƙi, ya raya yaran.