Ɗana yana gudun mutane: girman kai ne ko lalura?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 24 ba ya zama majalisa, ba ya zuwa biki ko suna. Ya bar koyon ɗinki don maigidansa ya yi masa gyara a gaban yara. An nuna masa yarinya ya kasa zuwa zance, amma kullum yana kukan kaɗaici. Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce sammu. Daga wata uwa, wani ƙauye kusa da Ringim.

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Mai girman kai ba ya kukan kaɗaici. Abin da kika faɗa ya yi kama da wata lalura ta ɗabi'a da muke gani: mutum yana son jama'a sosai, amma ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa bai kai ba, duk inda ya shiga za a raina shi. Ƙaramin gyara sai ya ji shi kamar tozarci. Gudun yakan kwantar masa da hankali na ɗan lokaci, tsoron kuma ya ƙara kafuwa.

Yawanci abin yana faro wa tun ƙuruciya. Akwai halin da aka haifi yaro da shi, akwai kuma yawan kyara, gori da tsokana. Ban ce laifinki ba ne. Da yake muna yabon mai kunya, irin waɗannan yaran kan daɗe ba a gane suna shan wahala ba.

Sai an zauna da shi kafin a tabbatar, domin ciwon damuwa ma kan sa mutum ya janye jiki. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babban maganin shi ne tattaunawa da ƙwararre, wanda zai taya shi bincika zaton da yake yi wa mutane, ya kuma saba masa da shiga jama'a sannu a hankali. Ana ɗaukar watanni, wani lokaci fiye. Ƙwayar magani ba ta sauya ɗabi'a, ana ba da ita ne idan akwai fargaba ko damuwa mai tsanani.

A gida, a daina yi masa faɗa a gaban mutane, kada kuma a yi masa auren dole don "ya waye". A fara da aike zuwa shago, ko aikin gona da aboki guda da ya yarda da shi. Ki sa ido kan tramadol, wasu samari kan sha don su samu bakin magana. Idan ya fara cewa gara mutuwa, a kai shi asibiti a ranar.